Waccan Gaɓar

Shekara talatin ina kallon waccan gaɓar
daga bakin tukunyata a Uskudar.
Jirage su kwashi mutane, su dawo da su,
ni ina tsiyaya shayi a ƙananan kofuna masu ƙugu,
taba a leɓe, tumbi yana riga ni shiga ƙofa.

Ran da likita ya saurari ƙirjina
ya yi shirun wanda ya ji motsin ɓera a rumbu.
Ban kai wa Gulizar labarin ba.
Da dare dai na ce mata,
"Zan ƙetare mashigin nan da hannuwana biyu."
Ta yi dariya har ta ƙware da ruwa.

Na zaci taba ce za ta kayar da ni. Ashe bargo ne.
Ƙarfe huɗu agogo na ihu, bargo na raɗa:
"Kwanta, Nurettin, teku ba ta gudu,
gobe ma rana ce."
Na shaida muryar.
Ita ce ta daɗe tana cin bashi da sunana,
kullum ta ce gobe za ta biya.
Sai na kai agogon ɗakin girki, na jefa shi a tukunyar ƙarfe,
yadda dole in taka sanyin daɓe
kafin in toshe masa baki.
In ƙafa ta riga ta sha sanyi,
kunyar komawa take ji.

Makon farko, tsawon kwale-kwale biyu na iya.
Na fito ina kakarin amai,
'ya'yan masunta suna tafa mini tafin tsokana.
Na sayi ɗan littafi mai shuɗin bango,
kowace safiya in ja layi ɗaya,
ba kirari, ba zagi.
Ran da na fasa kuwa, in bar gurbin fari fat,
ya yi ta kallona har dare.
Fari goma sha ɗaya a Nuwamba.
Bakwai a Janairu, har da na mura.
A Afrilu ɗaya tak, ranar jana'izar yayana.

Kada wani ya ce na yi wannan da fara'a.
Hannuna ya yi rawa, na fasa kofi tara.
Na daka wa wani tsoho tsawa don ya nemi ƙarin sukari,
sai da na bi shi har masallaci neman gafara.
Rustem mai baklawa yakan turo mini faranti,
zuma na ɗiga, yawuna na tsinkewa,
in ce, "Kai wa jikokinka,"
in juya baya kamar mun yi faɗa.
Kuɗin taba kuma, gwangwanin zaitun ke haɗiye su.

Ranar ta zo a tsakiyar zafi.
Rustem na biye da ni a jirgin ƙaninsa.
Na wuce rabi.
Na fara ƙirga tagogin waccan gaɓar,
har na hango wata mata tana shanya riga ja.
Nan ruwa ya nuna mini shi ne babba,
ya ja ni kudu kamar akuyar da aka saya,
ina bugu, tagogin suna ƙanƙancewa.
Da ƙugiya suka kamo ni ta wando.

Gulizar ba ta yi dariya ba.
Ta ajiye mini miya, ta fita.

Washegari idona ya buɗe kafin agogo.
Bargo ya gyara murya zai yi magana,
ya tarar ba kowa.
A ɗakin girki na iske tawul a ninke,
littafin a kai, an fiƙe mini fensir.
Waje duhu ne, ladan bai ma tashi ba.
Na ɗaura takalmi.
Waccan gaɓar tana nan inda na bar ta,
fitilunta na wasa a kan ruwa.